Jariri ba ya tagumi

Shekara biyar na yi ina ɗaukar hoton biki a Kano kafin ƙafata ta taka ɗakin mai jego da kyamara. Kamu, wuni, dina, buɗar kai, duk na san kansu. Amarya ce, in kin ce ta karkata sai ta karkata, in kin ce ta yi murmushi sai ta yi, ko da takalmi na cin ƙafarta. To amaren nan su ne shekara na zagayowa suka fara bugo waya: "Anti mai hoto, na sauka fa, ki zo mana suna." Da yake ni mace ce, har ƙuryar ɗaki nake shiga, abokan sana'ata maza kuwa iyakarsu ƙofar gida, wajen raɗin suna da yankan rago. Na ɗauka aikin duk ɗaya ne, mutumin ne kawai ya ƙanƙance.

Wani gida ne a Gwammaja, cikin hunturu. Mai jegon ta turo mini hoton da ta gani a Instagram: ɗan jaririn Turawa zaune kamar kwaɗo, ƙafafu a gaba, ya zuba haɓa cikin tafukansa yana barci. Ta ce irin wannan take so. Ni ma na sha ganinsa, na ce ai ba wuya. Ranar suna na shimfiɗa bargo a kan gado, na naɗe yaron, kwanansa bakwai a duniya, na haɗa hannayensa a ƙarƙashin haɓa, na ga kamar ya zauna. Sai na sake shi na miƙa hannu zan ɗauki kyamara. Kan nan ya tafi gefe gaba ɗaya, kamar an ɗora kabewa a kan tsinke. Ban ga lokacin da kakar yaron ta taso daga bakin gado ba, sai ganin tafinta na yi ya tare kan. Ta ɗauke jikanta ta rungume, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya mutu masa da za ki sa shi tagumi?"

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Ni kuwa hannuna rawa yake yi, ban iya ɗaukar hoton kirki ba har na bar gidan.

Daga baya na gane ashe hoton nan ba hoto ɗaya ba ne. Biyu ne aka haɗa. A na farko wani yana riƙe da kan jaririn ta sama, a na biyu yana tallafe da hannayen da haɓar ta ƙasa, sai a shiga Photoshop a manne rabin wannan da rabin wancan a goge hannun babban. Ko daƙiƙa ɗaya ba a saki yaron ba. Haka wanda ake gani jariri na lilo cikin zane a reshen itace: ko dai kwance yake a kan katifa aka ɗauka ta sama, ko kuma tazararsa da matashi ba ta wuce faɗin tafi ba, ga hannu a ƙarƙashinsa. Masu saka hotunan ba su cika faɗin haka ba, mu kuma sai mu kwaikwayi abin da ido ya gani. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, wuyansa kuma ba ya iya riƙe shi sosai sai wajen wata huɗu. Tsohuwar nan ba ta san lissafin ba, amma ta goyi 'ya'ya da jikoki, hannunta ya sani.

Tun ranar ban ƙara sa jariri tagumi ba, ko da na iya haɗin. Ba don haɗari kaɗai ba. Maganarta gaskiya ce: a wajenmu tagumi na mai damuwa ne, in yaro ya yi shi ma cire masa hannu ake yi. Me zai sa in sha wahalar awa guda in sa ɗan mutane abin da kakarsa za ta gani a bango ranta ya ɓaci?

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu ba faɗuwa ba ne, don faɗuwa ana ganinta. Numfashi ne. In haɓar jariri ta danne ƙirjinsa, hanyar iska tana matsewa, kuma ba lalle ya yi kuka ba. Zai yi shiru, ke kuma ki ce ma sha Allah, yaro mai haƙuri. Duk kwanciyar da na yi masa sai na tabbata yatsana na shiga tsakanin haɓa da ƙirji. Turawa suna cewa a lura ko fata ta koma shuɗi, amma a 'ya'yanmu ba nan da nan ake gani ba, don haka leɓe nake dubawa, da tafin hannu da na ƙafa. Kuma dole akwai mutum ɗaya da aikinsa kawai ya zauna dab da yaron, hannu a kusa, ido a kansa, ba a waya ba. Yawanci kaka nake roƙo. "Hajiya, ku taimaka ku zauna nan kusa da maigidan naku." Ba a taɓa ƙi ba, kuma daga nan duk wata gardama ta ƙare, don ta zama abokiyar aiki.

Na kuma daina yarda da ranar suna. Ita ce rana mafi muni ga hoton jariri. Wanzami ya yi masa aski da sassafe, 'yan barka sun yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kowace da irin turarenta, ga kiɗa a tsakar gida, ga uwar ana ta canja mata kaya. Hoton taro zan ɗauka ranar, amma na jaririn sai in ce a ba ni kwana na biyar ko na shida, ko bayan suna da kwana biyu, da hantsi, an yi masa wanka ya sha nono ya ƙoshi. Cikin mako biyun farko barcinsu nauyi ne da shi, kuma suna son dunƙulewa kamar yadda suke a ciki. Awa biyu zuwa uku nake warewa, ɗaukar hoton kanta ba ta fi minti ashirin ba. Sauran duk jira ne. Jariri yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a kwana guda, ba ruwansa da cewa kina da wani aiki a Hotoro ƙarfe biyu.

Ɗakin mai jego kuwa duniya ce ta daban. Ga ƙamshin kunun kanwa, ga tururin ganyen darbejiya daga wajen wanka, ga kaskon turaren wuta yana ta hayaƙi. Kaskon nan shi nake fara neman alfarma a fitar, a ɗaga labule iska ta zaga. Hayaƙin yana dusashe hoto, amma wannan ƙaramin dalili ne. Gawayi a rufaffen ɗaki guba yake fitarwa wadda ba ta da wari, irin ta janaretan da ake ajiyewa a gindin taga. Cikin sanyi ba na tuɓe yaro sai ɗakin ya yi ɗumin da ni kaina zan fara gumi. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, kuma saurin yin sanyi gare su. A zafin watan Afrilu kuma akasin haka ne, a naɗe shi da zani uku don kyan hoto sai ya jiƙe. Ƙeyarsa nake taɓawa, ita ke gaya mini.

Kayan ado na rage su ƙwarai. Kwando mai faɗin gindi na saya a Kurmi, ina sa abu mai nauyi a ƙasansa kafin in shimfiɗa tawul, kuma a ƙasa yake zama, ba a kan tebur ba. Ƙwarya tana da kyau a hoto amma mirginawa take yi, na bar ta. Yadudduka farare da masu ruwan ƙasa daga Kantin Kwari, ana wanke su bayan kowane gida. Kafur kuwa na raba shi da akwatina tun da wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini akwai jarirai, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, waɗanda kafur ke farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Kwalli ma ba na sakawa da hannuna. Ba hurumina ba ne in hana kaka zana wa jikarta gira, amma nakan faɗa sau ɗaya cikin ladabi cewa kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, wadda muka ji sunanta a 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara. Wata ta ji, wata ta ce da shi aka raine mu.

Ciwon shawarar nan ya taɓa zuwa mini ta hanyar da ban zata ba. Ina gyaran hotunan wata jaririya da dare, na ga fuskar ta yi rawaya. Na ɗauka hasken ɗakin ne, na fara ja da launin baya. Sai na lura farin zanin da take kai fari ne tas, ita ce dai rawaya, har farin idonta a hoton da ta buɗe ido. Ban jira safiya ba na kira uwar. Washegari aka kai ta asibiti, aka kwantar da ita ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan ta maganin shawara kwana biyu. Da na goge launin na miƙa musu hoto mai kyau fa? Shi ya sa ko an ce in ɗan haska fatar yaro ba na yi. Jariri dama da haske yake zuwa, tsofaffi ma kunne suke dubawa su san inda launinsa zai tsaya.

Ta fannin haske, taga ta ishe ni. Farin labule mai shara-shara, in kwantar da yaron yadda hasken zai gangaro daga goshi zuwa haɓa. In ya fito ta ƙasa sai ƙofofin hanci su cika hoton. Filash ba ya makantar da jariri kamar yadda ake faɗa, amma yana firgita shi ya watsa hannaye, ga fatar da aka shafe da mai sai ƙyalli. Gilashin kyamara mai milimita 50 nake sawa, igiyar kyamara kuma a wuyana duk lokacin da na sunkuya a kansa, don maɗigarsa a buɗe take. Zobe da awarwaro a jaka, farce a yanke, hannu a wanke da sabulu. Ranar da nake mura ba na zuwa, ko an biya kuɗin. Ba na kuma saka hoton ɗan kowa a shafina sai uba da uwa sun amince. Masu tsoron kambun baka suna da yawa, kuma ɗansu ne.

Wanda har yau ban gama iya shi ba shi ne hoton uwa da ɗan fari. Ki ce ta rungume shi ta dube shi, ga surukai a ɗaki, sai ta kawar da kai kamar an miƙa mata ɗan maƙwabta. Kunya ce, ba a kuma cire ta da "ɗan yi murmushi mana". Wata a Kurna haka muka yi ta fama, na haƙura na fara naɗe kayana. Aka kira gwaggonnin cin abinci, ɗakin ya rage daga ni sai ita. Yaron ya yi atishawa, ta sunkuya ta sa hancinta a goshinsa tana yi masa wata magana ƙasa-ƙasa. Kyamarar na wuyana, na danna sau ɗaya. Ta ji ƙarar, ta ɗago, ba ta ce komai ba.

Wajen sha ɗayan dare saƙonta ya shigo WhatsApp: "Anti, wancan na ƙarshen ni kaɗai za ki turo wa. Don Allah kar ya shiga albam, Hajiya za ta gani."