Abin da maganaɗisu ya nuna mini game da fedar da na ƙera

Fedar farko da na ƙera domin juya jelar jirgi da ƙafa a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama, na ɗora ta ne a kan fotenshomita, wato abin nan da masu gyaran rediyo ke kira bolum. Ta yi aiki na 'yan watanni, amma da hunturu ya kama, ƙura ta shige ciki, layin gawayin da harshen ƙarfe ke gogawa ya fara cinyewa a daidai tsakiya, inda ƙafa ta fi zama. Sai jelar jirgin ta riƙa rawa a allo ko da ban taɓa komai ba. Akwai kuma matsalar da lissafi ya fito da ita: bolum yana juyawa kusan digiri 300, feda kuwa ba ta wuce digiri 30, saboda haka daga matakai 1024 da Arduino Leonardo, ƙaramin allon lantarkin da ke kai karatun fedar ga kwamfuta, ke iya karantawa, kusan 100 kaɗai nake amfana da su.

Wannan ne ya kai ni ga sensar maganaɗisu, wadda ke aiki bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins, cewa maganaɗisu yana karkatar da lantarkin da ke gudana cikin ƙarfe har a iya auna bambancin a gefunansa biyu. Tunda babu abin da ke gogar wani, babu abin da zai cinye. Na fara da sensa mai suna SS49E, wadda idan an ba ta volt 5 take fitar da kusan 2.5 lokacin da babu maganaɗisu a kusa, adadin ya hau ko ya sauka gwargwadon fuskar maganaɗisun da ta matso, ta arewa ko ta kudu.

Kuskurena na farko shi ne na sa maganaɗisu ɗaya ya riƙa matsowa yana ja da baya. Ƙarfinsa ba ya raguwa daidai da nisa. A kusa yana faɗuwa da sauri, a nesa kuma da kyar ake ganin canji, don haka rabin tafiyar feda ya zama kamar matacce, ɗaya rabin kuma ya cika saurin amsawa. Abin ya daidaita ne bayan da na kafe sensar a tsakiyar sandar juyawa, na sa maganaɗisu biyu suna kewaya ta, fuskar arewa ta ɗaya tana kallon fuskar kudu ta ɗayan. A ƙaramar kusurwa irin ta feda, karatun yana tafiya kusan a miƙe. Noti da kusoshin baƙin ƙarfe da ke kusa ma sai da na musanya su da na tagulla, domin na baƙin ƙarfen suna jan layukan maganaɗisun gefe.

Duk da haka rawar ba ta tafi gaba ɗaya ba, kuma na yi kwanaki ina zargin sensar da wayoyi, har na sayo wata sensar, AS5600, mai raba zagaye ɗaya zuwa matakai 4096, da ɗan maganaɗisunta mai fuskoki a gefe da gefe. Ita ma sai ta nuna abu guda. Ashe sandar ce ke wasa a cikin ramin katakon da na huda mata. Bolum yana da tasa sandar da ke riƙe kanta, shi ya sa ya daɗe yana rufa wa aikin kafintancina asiri, ita kuwa sensa duk gocewar da ba ta kai milimita ɗaya ba sai ta kai rahotonta ga kwamfuta.

Na cire sandar, na sa mata boris biyu irin na takalmin taya masu lamba 608, na ɗaure sensar a jikin faranti mai kauri maimakon gam, sannan na sake saita iyakokin fedar a manhaja. AS5600 ɗin tana nan cikin akwati har yau, domin SS49E mai arha da na fara zargi ita ce ke kan fedar.