Kalistus Mai Makabarta, Kashi na 3: Aikin da Ke Ƙarƙashin Hanyar Appiya

A makon jiya mun bar Kalistus, tsohon bawa Kirista, a Antiyum, garin bakin teku da ke kudu da Roma. Ya fito da ransa daga ramukan ma'adinai na tsibirin Sardiniya bayan Marsiya, ƙwarƙwarar sarki Komodus, ta nemo wa fursunonin Kirista afuwa, Fafaroma Fikta kuma ya yanka masa ɗan abin da zai riƙa karɓa duk wata. Wajen shekara ta 199 Fikta ya rasu, Zafirinus ya gaje shi. Sabon Fafaroman ya aika aka kira tsohon bawan nan, ya naɗa shi dikon, wato mai hidimar Ikilisiya, ya damƙa masa makabartar Ikilisiya da ke kan Hanyar Appiya, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ke fita daga Roma.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin gadi aka ba shi. Kafin wannan lokaci, Kiristan Roma yakan samu makwanci ne a filin danginsa ko na wani mai hali da ya tausaya masa. Wannan makabarta ita ce ta farko da aka sani tana hannun Ikilisiyar kanta, inda bawa da gwauruwa da baƙon da ya mutu ba dangi suke da haƙƙin kabari. A birnin Kartaj na Arewacin Afirka, wajen shekara ta 197, marubucin Kirista Tartuliyan ya rubuta cewa daga kuɗin da masu bi ke tarawa ake ciyar da matalauta, ake kuma binne su. A Roma, wanda aka ɗora wa wannan amana mutum ne da ya san yadda rai yake idan ba ka mallaki ko kanka ba. A ganinmu Zafirinus ya iya zaɓe.

Doka biyu suka tsara aikin. Ta farko, tsohuwar dokar Romawa ta hana binne gawa a cikin gari, shi ya sa makabartu suka jeru a gefen manyan hanyoyi. Ta biyu, kabari wuri ne mai alfarma da ba a taɓawa, amma mai fili ba ya wuce iyakarsa, ko a ƙarƙashin ƙasa. Filin farko bai fi tsawon mita 75 da faɗin mita 30 ba. Jama'a na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa, sai aka nufi ƙasa. Hukuma ta san wurin sarai. Zancen da ake yawan yi cewa maɓuya ce ta asiri inda Kiristoci suka riƙa zama ba shi da tushe.

Masu haƙan, da Latin ake ce musu fosores, kuma aikinsu na farko shi ne sanin ƙasa. Kewayen Roma toka ce ta duwatsu masu aman wuta da ta daskare, ana kiranta tufo, kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai tauri wadda ake sassaƙa don gini, tana cinye diga da ƙarfin mutum a banza. Akwai mai gari-gari, wadda ake kwaɓawa, ita kuwa rufin da aka yi a cikinta ba ya tsayawa. Ta tsakiya ake nema: tana saruwa cikin sauƙi, idan ta sha iska sai ta ƙara ƙarfi, kuma tana tsotse laima. Mai haƙan da ya kasa bambance su, ko rami ya rufta masa, ko ya nutsa har ya tarar da ruwa.

Ana farawa da matakala, daga nan a sare lungu mai faɗin kamar mita ɗaya, iya yadda mutum biyu za su wuce da gawa. A filin Kalistus an yi dogayen lunguna biyu a gefe da gefe, aka haɗa su da gajeru masu gittawa. Aikin duk da hasken fitilar aci-balbal ake yinsa. Ƙasar da aka sare a kwando ake fitar da ita, ko a jawo ta ta wasu rijiyoyi da aka huda zuwa sama, waɗanda kuma su ne ke shigo da iska da ɗan haske. Daga baya masu haƙa sukan juye ta cikin tsofaffin lungunan da suka riga suka cika.

Kabarin kansa gurbi ne da ake sarewa a jikin bango, a kwance, daidai tsawon mamacin, wani a bisa wani kamar kanta. Akwai na mutum biyu ko uku. Na jarirai yawanci a kusurwa ake sa su, inda babban gurbi zai raunana bango. Ba akwati. Ana wanke gawa, a naɗe ta da likkafani, wani lokaci a barbaɗa farar ƙasa, a kwantar da ita, sannan a toshe bakin da fale-falen gasasshen yumɓu ko allon dutsen mabul, a bi gefuna da kwaɓi. Wannan liƙin shi ne inda ake gane gwani. Idan aka bar kafa ko ta shigar yatsa, wari zai cika lungu, alhali gobe wasu za su bi ta nan da tasu gawar. Idan kuma aka matse gurabu aka bar dutsen tsakani ya yi siriri, na sama zai faɗo kan na ƙasa.

Idan bango ya cika, sai a sare daɓen lungun a ƙara zurfi, a samu sabon bango. Don haka mafi tsufan kaburbura su ne na can sama kusa da rufi. Da haka wurin ya yi ta girma bayan Kalistus, har ya kai hawa 4, zurfin fiye da mita 20, lunguna kusan kilomita 20.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne yadda dangi ke gane nasu. Mai hali yakan sa a rubuta suna, a farkon zamanin sau da yawa da Girkanci, tare da zanen kifi ko kurciya ko anka ta jirgin ruwa. Talaka da bai iya biyan mai sassaƙa ba, kafin kwaɓi ya bushe sai ya danna wani abu a ciki: kwabo, ƙaramar fitila, gutsuren gilashi, ko abin wasan yaron da aka binne. Wasu suna manne har yau. Sunan da Kiristoci suka ba wurin kuma daga kalmar Girkanci ta ɗakin barci ya fito, saboda suna jiran tashin matattu, kuma ranar binnewa suna kiranta ranar ajiya.

A wannan fili ne aka sare ɗakin da daga baya aka kwantar da Fafaroma 9 na ƙarni na uku, cikinsu da Sikstus na biyu, wanda aka kashe a makabartar ranar 6 ga Agusta, 258, zamanin sarki Baleriyan. Shi Kalistus ba ya cikinsu. A Hanyar Aureliya aka binne shi, za mu zo ga dalili. Mako mai zuwa za mu duba shekara ta 217, lokacin da Zafirinus ya rasu aka zaɓi mai makabarta ya zama Fafaroma, wani malamin Ikilisiya mai suna Hippolitus kuma ya ce bai yarda ba.