Bawul ɗin EGR: a gwada shi, a wanke shi, kafin a toshe shi

Idan mota ta fara kakkarwa a silo, ko tana mutuwa duk lokacin da aka tsaya a shataletale, filogi da nozul ake fara zargi a yawancin garejojin Katsina. A canza su, kuɗi su fita, ciwon yana nan daram. Sau da yawa mai laifin wani ɗan bawul ne da ke maƙale a jikin manifol, wato bututun da ke shigar da iska cikin inji. Bawul ɗin ake kira EGR.

Aikinsa shi ne ya ɗebi kaɗan daga hayaƙin da zai fita ta salansa ya mayar da shi cikin inji. Hayaƙin ya riga ya ƙone, ba zai sake cin wuta ba, sai ya rage zafin ƙunar da ke cikin silinda. In zafin ya haura kimanin digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyos, inji yana haifar da iskar NOx mai illa ga huhu. Dalilin da ya sa aka fara saka bawul ɗin a motocin Amurka ke nan a farkon shekarun 1970. Injin fetur yana mayar da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na hayaƙinsa, na gas kuwa yakan kai kashi 50.

A injin fetur bawul ɗin a rufe yake idan inji na da sanyi, ko yana silo, ko an take totur har ƙasa. Sai an miƙe hanya, kamar daga Katsina zuwa Daura, yake buɗewa. Saboda haka in kunkunniya ta maƙale shi a buɗe, hayaƙi na shiga a lokacin da ba a bukatarsa: silo ya lalace, tashi da safe ya yi wuya, mai ya riƙa zurarewa. In kuma a rufe ya maƙale, ko hanyarsa ta toshe, silo lafiya lau, amma za ka ji inji na ƙaras-ƙaras kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka a hawa, musamman a zafin Afrilu. Wannan ƙarar ba abin wasa ba ce, tana cin fistan a hankali.

Na gas ya fi shan wahala. Baƙin hayaƙi yana haɗuwa da tururin baƙin mai da ke fitowa ta tiyon numfashin inji, su zama wani abu mai danƙo kamar kwalta. Buɗe manifol ɗin tsohuwar Sharan ko Golf mai injin 1.9 TDI, za ka ga ramin da ya kamata ya ɗauki yatsu uku ya koma da kyar ɗan yatsa ɗaya ke shiga. Ƙarfi ya tafi, hayaƙi ya turnuƙe na baya. Wasu kuma suna da na'urar sanyaya hayaƙin da ruwan lagireto. In ta tsage, ruwa ya dinga raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba, farin hayaƙi na fita. Nan ne ake cire tof, wato kan inji, a banza, ana zaton gasket ne ya ƙone.

A fara da kwamfutar gwajin mota, a karanta lambar matsalar da ta nuna. P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa ya yi kaɗan, P0402 ya yi yawa, P0403 kuwa matsalar waya ce ko soket. Bawul mai aiki da zuƙar iska, irin na Camry mai injin 2.2, gwajinsa da sauƙi: inji ya yi zafi yana silo, a zuƙe iskar tiyonsa da famfon hannu. In injin ya shaƙe ko ya mutu, bawul da hanyarsa lafiya suke. In bai ko gezau ba, ko robar ciki ta fashe, ko hanya ta toshe. Kuma a sani, Corolla mai injin 1ZZ ba ta da wannan bawul ɗin kwata-kwata, kada a karɓi kuɗin wanke abin da babu shi.

Wajen wankewa, a bar inji ya huce, a cire kan batir na nagetif, a zare soket ko tiyo, a kwance notocin, galibi biyu ne masu sifana 12. A fesa maganin wanke kafireto a bakin ƙarfen kaɗai, a goge da buroshi har sandar ta riƙa motsi ba cijewa. Maganin kada ya taɓa ɓangaren wuta ko robar. Abin da aka fi mantawa shi ne ramin cikin manifol. A Accord ta 1998 zuwa 2002 nan ne yake toshewa, ko sabon bawul ka saka, P0401 zai dawo. A tsokale ramin da waya, a hure, a saka sabon gasket, a goge lambar a kwamfuta.

Ɗabi'ar yanka gwangwani a toshe hanyar, ba na goyon bayanta. A fetur ƙarar nan ake gayyata, a gas na zamani kuma ƙwaƙwalwar mota tana gane iskar ta canza, ta kunna fitilar gargaɗi, wani lokaci ta rage ƙarfi. Hayaƙin kuwa masu babur da 'yan talla na bakin Ƙofar Ƙaura ne ke shaƙarsa.

Abin da ke saurin mayar da dattin shi ne gajeriyar zirga-zirga cikin gari, barin mota tana silo na awa guda saboda AC, gurɓataccen mai, da iyakilinar da ƙurar hunturu ta cika. In injin na shan baƙin mai saboda ringi ya gaji, sai an gyara ringin, in ba haka ba wata kaɗan bawul ɗin zai sake cikewa.