Shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ga manya: atisaye tukuna, na'ura daga baya

Kafin ka sayi na'urar lantarki ta motsa tsoka a Garwa ko Marwa, ka fara gane irin ƙafarka. Tsaya ba takalmi, ka yi ɗage. In ramin tafin ƙafa ya bayyana, atisaye zai yi amfani. In bai bayyana ba, ko ka kasa ɗage da ƙafa ɗaya, ko bayan idon sawu ta ciki yana ciwo yana kumburi, to sai likita. Galibi jijiyar da ke riƙe ramin ce ta raunana, kuma ƙiba, ciwon sukari da hawan jini na ƙara haɗarin.

Babban atisayen shi ne gajarta ƙafa. Zauna, tafi a ƙasa, ka jawo gindin babban yatsa wajen diddige har ramin ya ɗaga. Riƙe daƙiƙa 5, sau 10, zagaye 3 kullum. A nan yawanci ake kuskure: mutum ya naɗe yatsu ko ya ɗaga gindin yatsan, sai dogayen tsokoki su karɓe aikin, ƙananan da ake nema su kwanta. Yatsu su zauna a miƙe. Bayan mako 2 ka koma yi a tsaye, daga baya a kan ƙafa ɗaya. Haɗa da ɗage a hankali da ƙaramar ƙwallo tsakanin diddige biyu, da miƙe sha-raɓa daƙiƙa 30.

Na'urar na taimakon wanda ya kasa gane yadda zai motsa tsokar da ke gefen tafi ta ciki. Mai rubutun NMES, wato mai motsa tsoka, ake nema. Mai rubutun TENS rage zafi kawai take yi. Manna faci (abin da ke kai wutar ga fata) ɗaya gaban diddige, ɗaya bayan gindin babban yatsa, minti 15 zuwa 20, kana yin atisayen lokacin da take matsawa. Ƙara ƙarfi har yatsan ya motsa ba tare da zafi ba. Zaman farko a yi shi gaban kine, mai gashin ƙashi.

Lokacin hunturu kaushi na hana wutar ratsawa, abin da kan sa mutum ya yi ta ƙara ƙarfi har fata ta ƙone. Wanke ƙafa, kada ka shafa mai, kada ka manna faci kan faso. Mai na'urar bugun zuciya, mai farfaɗiya, mai juna biyu da mai sukarin da ƙafarsa ta daina ji, su bar ta.

Sai an yi mako 6 zuwa 8 ake ganin sauyi, kuma raguwar ciwo ce ma'auni, ba siffar ƙafa ba. Mai wuni tsaye a kasuwa ya bar silifas, ya nemi takalmi mai riƙe diddige.