Hunturu a Duwatsun Kapsiki

Ranar da muka bar Marwa, a arewacin Kamaru, hazo ya turnuƙe gari, ko ƙarshen layi ba a hange. Ni da ƙanina muka shiga mota zuwa Mokolo, kimanin kilomita 80, daga nan 'yan mashin suka kwashe mu sauran kilomita 55 zuwa ƙauyen Rumsiki da ke cikin duwatsun Kapsiki, hanya duk gargada. Muna sauka na ga har gashin girar ƙanina ya yi jawur da ƙura.

Sanyin kan dutse daban yake da wanda muka saba. Da asuba na tsoma hannu a randa zan yi alwala, yatsuna suka ƙage, sai da matar mai masaukinmu ta ɗumama mana ruwa. Muka shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya, muka sha kunun gero da zafinsa.

Wanda ya ja mu dattijo ne ɗan ƙabilar Kapsiki, yana jin Fillanci da Hausa. Na ce, "Baba, ba ma bari rana ta ɗaga ba?"

Ya ce, "Ɗana, yanzu ake tafiyar dutse. Da bazara zafi zai mayar da kai, da damina santsi zai kayar da kai."

Muka gangara kwari ta wata siririyar hanya, tsakanin gonakin da aka yi musu matakala da jerin duwatsu domin kada ruwa ya wanke ƙasa. An riga an girbe dawa, sai kututturen kara. Can hazo ya ɗan yaye, sai ga dutsen da ake kira Zivi tsaye a gabanmu, miƙaƙƙe kamar taɓarya. Wallahi na daɗe ban ce uffan ba. Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron dutse mai aman wuta, iska da ruwa suka cinye jikin, suka bar wannan ƙashin. Ba a hawansa da ƙafa kawai. Kewaya gindinsa muka yi, gwiwa na rawa.

Baba ya nuna yamma da sandarsa, ya ce can Najeriya ce, wajen Michika, inda 'yan'uwansu suke, waɗanda ake kira Higi. Ya ce a da irin wannan lokaci Turawa ba sa yankewa, har sai ya zaɓi wanda zai raka. Tun da rashin tsaro ya shigo yankin a 2013 ƙafa ta ɗauke. Abin ya taɓa min zuciya, domin ni da aka haifa a Marwa sai a bana na taka wurin.

Hawowa ta fi gangara wuya. Sau uku ina zama a kan fa ina haki, Baba kuwa da silifas ɗinsa yana tsaye yana jirana. Da muka iso sama ya karɓi gorar ruwana ya kurɓa, ya ce in mun dawo baɗi mu zo da yara, zai kai su ta hanya mai sauƙi.