Ina robar taya take tafiya?

Taya da birki ne sana'ata. A Kano na koya, kusa da Ƙofar Ruwa, ina yaron wani mai faci. Yau ina da ɗan ƙaramin gareji a kudancin Seattle, a jihar Washington ta Amurka. Mu huɗu ne, har da ɗan yayata da yake koyon aiki a hannuna.

Shi ne ma ya jefo mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Wata rana mun cire taya daga motar wata mata, ta suɗe tas kamar tafin hannu. Ya jera ta da sabuwa, ya sa yatsa a zanen sabuwar ya ga zurfinsa, sai ya ce, "Kawu, to ita wannan robar da ta cinye, ina ta tafi?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ban taɓa tunanin abin ba. Shekara da shekaru ina cire tayoyin da suka cinye, ban taɓa bin sawun abin da ya ɓace ba.

Tana kan kwalta, tana cikin iska, tana cikin kwata. Duk juyin da taya ta yi sai ta zubar da ɗan gari. Duk birkin da aka taka sai takalmin birki da faifansa sun goge juna, su ma su zubar da nasu. Wannan baƙar ƙurar da take manne a jikin wili, wadda mai mota yake ƙorafin ta ƙi wankuwa, ita ce. Hukuma ta daɗe tana gadin bakin salansa tana auna hayaƙi, ita kuwa wannan ƙurar ba ta salansa take fita ba, shi ya sa ta daɗe tana wucewa ba mai ce mata kanzil.

A nan jihar, kifi ne ya tona asirinta. Akwai wani jinsin salmon da ake kira koho, wanda yake barin teku ya hauro rafuka ya yi ƙwai. An daɗe ana ganin suna mutuwa a rafukan cikin gari, irin su Longfellow, da zarar an yi ruwan sama. Kifi zai yi ta juyi a saman ruwa yana haki, cikin sa'o'i ya mutu da ƙwansa a ciki. Sai a ƙarshen 2020 masu bincike na Jami'ar Washington suka gano dalili: wani sinadari ne, 6PPD, da ake sawa a taya don kada ta tsattsage. In ya haɗu da iskar ozon sai ya rikiɗe ya zama guba, ruwan sama ya kwashe shi zuwa rafi. Ranar da na ji haka na dubi tarin tayoyin da ke bayan shagona, jikina ya yi sanyi.

Majalisar dokokin jiha ta ware wa ma'aikatar muhalli kuɗi ta yi nazarin abin, a 2024 kuma ta sa sinadarin cikin waɗanda za a fara duba yadda za a maye gurbinsu. Kalifoniya tun a 2023 ta tilasta wa masu ƙera taya su nemi madadinsa. Wasu abokan sana'ata suna guna-guni, wai kifi kawai zai sa taya ta yi tsada. Ni ban bi su ba, don na riga na ga irin wannan da idona a kan birki.

A 2010 jihar nan ta yi dokar rage jan ƙarfe a takalmin birki, saboda yana kashe wa kifi hancin da yake jin ƙamshi da shi. Ba a ce gobe a daina ba, wa'adi aka bayar: daga 2021 kada ya kai kashi 5 cikin ɗari, daga 2025 kada ya kai rabin kashi ɗaya. An yi ta cewa birki zai lalace, amma ga shi motoci suna tsayawa lafiya lau. Yanzu in kwali ya zo, alamar ganye nake dubawa a jikinsa. Ganye uku a cike, na san kaya ya cika sharaɗi. Abin da ya sa dokar ta yi aiki shi ne an auna kafin a hana, an kuma ba mu lokaci mu sayar da tsohon kaya. Haka nake so a yi da taya. Ba za a cire sinadarin nan da ka ba, don taya mai tsagewa a babban titi rai take ci.

Masu motar lantarki kuwa kullum sai mun yi da su. Mutum zai ce motarsa ba ta ƙazanta komai. Birkinsu yana daɗewa, gaskiya ne, don injin ne yake rage gudu. Amma batir nauyi gare shi, motar kuma tana figa da ƙarfi, su ne suka fi saurin dawo mini neman taya. Tarayyar Turai ta gane haka, a dokarta ta Euro 7 ta sa wa ƙurar birki iyaka har da ta motar lantarki.

Abin da nake roƙo a ƙara a binciken shi ne huhun bakanike. A Kano da iskar famfo muke hure birki, wani lokaci ma da baki, ƙura ta turnuƙe mu, mu tofar da baƙin yawu mu ci gaba. Ana auna ruwan rafi, ana auna iskar gefen titi, mu kuwa fuskarmu taki ɗaya ce daga inda abin yake fitowa. A garejina na hana hurawa. Sai a jiƙa a goge, a sa takunkumi. Makon jiya na kama ɗan yayata ya ɗauki tiyon iska zai hure wili, na karɓe na miƙa masa tsumma da kwalbar ruwan wanki. Ya ce, "Kawu, wannan ai ɓata lokaci ne." Na ce masa ya ɓata, ni zan biya.