Abin da aikin ɗaura dish ya koya mini game da kan waya

A shekarun da na yi ina ɗaura dish da eriya a unguwannin Sakkwato, daga Mabera zuwa Arkilla, na lura cewa yawancin gidajen da ake kirana saboda hoto yana tsinkewa, saitin dish ɗinsu lafiya lau yake. Matsalar tana wurin konekta, wato ɗan ƙarfen da ake sa wa bakin waya kafin a ɗaura ta a jikin LNB (na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina) ko dikoda.

Wayoyin dish iri-iri ne, kamar RG59, RG6 da RG11, kuma kaurinsu ya bambanta. RG59 tana kusan milimita 6, RG6 kusan milimita 7, ita kuwa RG11, wadda ake ja idan tazara ta yi nisa, ta haura milimita 10. Idan aka sa konektar RG6 a kan RG59, sai ta yi sako-sako, yaran aiki kuma su naɗa salatif don ta kama. Wannan dabara tana damuna ƙwarai, domin zafin watan Afrilu, da ke wuce digiri 40 a nan, yana narkar da gam ɗin, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan Agusta ya biyo baya, saƙar siraran silin ƙarfe da ke ƙarƙashin robar wayar ta yi tsatsa. Idan kuma konektar ce ta yi ƙanƙanta aka murɗa ta da ƙarfin tsiya, sai ta yayyanke saƙar.

Maigidana a wurin aiki ne ya fahimtar da ni cewa wayar dish ba sigina kaɗai take ɗauka ba. Dikoda tana aika wuta ta cikinta zuwa LNB, bolt 13 ko 18, kuma da wannan bambancin ake zaɓar rukunin tashoshi. Saboda haka silin saƙa guda ɗaya, siriri kamar gashi, idan ya taɓa jan ƙarfen da ke tsakiyar wayar, ya isa ya ɗauke tashoshin gaba ɗaya.

Yanzu nakan karanta rubutun da ke jikin waya kafin in sayi konekta. Nakan fere bakin kusan milimita 6, in mayar da saƙar baya, in tabbatar farar robar ciki ta zo daidai da gindin konektar. A saman rufi na fi son konektar matsewa a kan ta murɗawa, ko da ta fi tsada, kuma nakan bayyana wa mai gida dalili kafin in faɗa masa kuɗin aiki.